Gaskiya ko Jita-jita: Ƙoƙon Kunkuru da Ciwon da Ke Ƙarƙashinsa

A gidan Gwaggona da ke Ƙofar Mazugal a Kano akwai wani kunkuru da na taso na tarar. Kullum yana zagaya tsakar gida, daga gindin rijiya zuwa bakin madafa, in rana ta take ya koma bayan randa inda ƙasa take da sanyi ya kwanta. Irin manyan nan ne masu launin ƙasa, masu ƙaya a cinya, waɗanda ake kawowa daga dazukan arewa. Damina biyu da suka wuce, cikin watan Agusta, yara suna guje-guje suka ture turmi ya faɗo masa a gadon baya. Waɗanda suke wurin sun ce ƙarar kamar an taka ƙwarya. Ya janye kai da ƙafafu ya yi shiru. Da aka duba, sai ga tsaga mai tsawon ɗan yatsa a gefen dama, da ɗan jini wanda bai jima ba ya tsaya. Da yamma ya fito ya ci ganyen latas, kowa ya ce alhamdu lillahi, abin ya zo da sauƙi.

Bayan kwana goma na je gaishe ta. Da na tsugunna kusa da shi, wari ne ya fara tarbata, irin na naman da ya kwana a leda. Bakin tsagar ya yi laushi, in ka danna sai ya lotsa, wani ruwa mai launin rawaya ya tsattsafo. Ɓawon da ke gefe ya ɗaga, na sa tsinken tsintsiya na ɗan ƙara ɗaga shi, sai ga tsutsotsi farare suna motsi a ƙasa. Gwaggo ta riƙe baki ta ce, "Ɗan nan, ashe abin nan yana ruɓewa? Ni na zaci dutse ne."

Kafin la'asar na ji shawara ta fi goma, daga 'yan gida da maƙwabta da masu shigowa gaisuwa. Babu wanda ya faɗi tasa da mugun nufi. Amma da an bi rabinsu, da tuni an binne kunkurun. Kusan dukkansu kuma daga tushe ɗaya suka fito, wato maganar nan ta Gwaggo, cewa ƙoƙon kunkuru dutse ne.

Wannan ita ce uwar jita-jitar, don haka a kanta zan fi daɗewa. Da yawanmu mun ɗauka ƙoƙo wani gida ne da kunkuru yake shiga ya fita, ko sulke da ya rataya. Har a tatsuniya akan ce ya tuɓe shi ya ajiye. Alhali ƙoƙon nan jikinsa ne. Ƙasusuwa ne fiye da 50 da suka haɗe wuri guda, cikinsu har da haƙarƙarinsa da ƙashin bayansa. Abin da yake cikin ƙirjinmu a ɓoye, shi nasa ya buɗe ya baje ya zama rufi. Lakarsa tana bin tsakiyar rufin nan ta ciki, daga wuya zuwa wutsiya. Abin da ido yake gani a sama, mai zane gida-gida, siririn ɓawo ne irin na farce da kofato. In ka ƙirga na tsakiya za ka sami 13, biyar a jere bisa gadon baya, huɗu a kowane gefe, sannan ƙanana sun kewaye baki. Tsakanin ɓawon da ƙashin akwai wata 'yar fata mai rai, cike da jini da jijiyoyi. Shi ya sa in ka sosa wa kunkurun da ya saba da kai baya, sai ka ga yana karkaɗa gindi yana turo jiki. Yana ji sarai.

Wani abin da ya fi wannan tayar da hankali shi ne huhu. Huhun kunkuru a sama yake, a manne da rufin ƙoƙon ta ciki. Tsagar da ta ratsa ƙashi ta gadon baya tana iya buɗe hanya kai tsaye zuwa gare shi. Mu da muke wannan yanki na gari ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani a kan karaya, ga Asibitin Ƙashi na Dala nan kusa da mu, ga kuma maɗora a unguwanni. Kowa ya san bambancin karayar da fata ta rufe da wadda ƙashi ya fito fili, ya san ta biyun ita ce mai ruɓewa in ba a yi da gaske ba. Duk fashewar ƙoƙon kunkuru irin ta biyun ce, domin ba shi da tsokar da za ta rufe ƙashin.

Sai wani ya ce, to ai bai yi kuka ba, kuma ga shi yana cin abinci. Ita ma jita-jita ce, kuma ita ta cinye mana kwana goma. Akuya in ta ji ciwo duk unguwa sai ta sani, kare ya yi ta kuka yana ɗingishi. Kunkuru ba shi da muryar da zai kai ƙara, kuma a daji dabbar da ta nuna rauni ita ake fara ci, don haka ɓoyewa ɗabi'arsa ce. Komai nasa a hankali yake tafiya, har da rashin lafiya. Yana iya ci gaba da ci alhali cuta tana cin ƙashinsa, ranar da ya daina ci kuwa sau da yawa abin ya riga ya yi nisa. Alamun da ya kamata a duba ba a bakinsa suke ba. A duba wari, da laushi a inda ya kamata a ji tauri, da ɓawon da yake ɗagawa, da ruwa ko mugunya, da ƙananan ramuka kamar gara ta ci. In idanunsa suka faɗa, ko ya daina ɗaga jikinsa daga ƙasa in yana tafiya, ko aka ga ja-ja kamar jini ya kwanta a ƙarƙashin ɓawon cikinsa, to ana tsoron cutar ta shiga jini, kuma ba a kwana da wannan a gida.

Shawarar da ta fi samun magoya baya ran nan ta wani maƙwabcinmu ce mai gyaran babur. Ya ce a kawo Araldite a cike tsagar, in babu a kwaɓa siminti, gobe war haka ya bushe. Na fahimci inda tunanin ya fito. Mu 'yan birni ne, mun taso muna ganin yadda ake yi wa katangar ƙasa yaɓe kafin damina, kuma ganuwar da Ƙofar Mazugal take jikinta, wadda aka fara ginawa tun zamanin Sarki Gijimasu, da irin wannan gyara ta kai shekaru ɗaruruwa. Abin da ya tsage, a cike shi. Akwai ma ɗan ƙamshin gaskiya a ciki, domin likitocin dabbobi sun daɗe suna amfani da gam mai ƙarfi, da waya, da ƙananan ƙarafa wajen haɗa ƙoƙon da ya fashe. Amma suna yin haka ne a kan karayar da aka wanke tas, aka tabbatar babu cuta a cikinta, kuma suna ɗora gam ɗin a gefe da gefe don ya riƙe, ba sa zuba shi cikin tsagar. Gam ɗin da ya shiga tsakanin ƙashi biyu hana su haɗewa yake yi. Ciwon da ya riga ya ruɓe kuwa, in ka toshe shi, ka kulle ƙwayoyin cuta ne a ɗaki mai ɗumi da laima, mugunya ta rasa hanyar fita sai ciki. Daga waje za a ga gyara ya yi kyau, bayan makonni a wayi gari kunkurun ya mutu, a ce ajali ne.

Daga nan sai jerin abubuwan shafawa. Baƙin mai, wanda ake shafa wa jaki da raƙumi a gyambo don korar ƙuda, guba ne, cike yake da dattin ƙarfe da ƙonannen fetur, kuma buɗaɗɗen ƙashi shanye shi zai yi. Toka da garin batir da man goge baki duk ƙona naman da yake ƙoƙarin tsirowa suke yi. Dettol da Izal sun fi ƙarfin jikin irin waɗannan dabbobi. Fasa kafso a barbaɗa garin a kan ciwo, wanda mu ma muke yi wa kanmu, yakan yi ɓawon ƙarya a sama ya bar ruɓar a ƙasa, kuma babu wanda ya san ko maganin ya dace da ƙwayar cutar da ke wurin.

Zuma ce kaɗai ta tsira daga cikin jerin. Wata tsohuwa ce ta kawo maganarta, kuma tana da gaskiya. Zuma mai kyau tana hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa, tana janye ruwa daga ciwo, likitocin mutane da na dabbobi suna amfani da ita. Sharaɗinta biyu. Sai an cire mataccen nama tukuna, domin ba ta rayar da abin da ya mutu, sannan sai an rufe wurin an kuma ɗauke dabbar daga ƙasa, in ba haka ba kafin gari ya waye tururuwa da cinnaka sun yi masa rubdugu. Ga kuma matsalar da kowa ya sani, ba duk abin da ake sayarwa a kwalba da sunan zuma ne zuma ba.

Yanzu ga wadda nake roƙon duk mai karanta wannan ya riƙe, ko da zai manta sauran. Kawuna mai kiwon raguna ne, ya san aikinsa, da ya ga tsutsa sai ya ce, "Wannan ai mai sauƙi ce, bari in aiko da allurar tsutsa." Yana nufin aibamektin, wadda masu kiwo suka fi sani da sunan Ivomec. A jikin rago da akuya da saniya magani ce mai kyau, tana kashe tsutsar ciki da kaska da ƙazuwa, shi ya sa babu shagon maganin dabbobi a Kano da za ka rasa ta. A jikin kunkuru kuwa kisa take yi. Tana ratsawa zuwa jijiyoyinsa, ƙafafu da wuya su saki, ya shanye. Kuma da yake haƙarƙarinsa ba ya motsi, da tsokokin da ke gindin ƙafafunsa yake jan numfashi. In ka zauna kusa da shi ka lura, za ka ga ƙafafun gaba suna ɗan shiga suna fita a hankali, numfashin ke nan. Idan waɗannan tsokoki suka mutu, numfashi ya tsaya. Tun 1983 likitocin dabbobi a Amurka suka wallafa rahoton kunkurun da wannan magani ya shanye ya kuma kashe, kuma daga lokacin ya zama doka a wannan fanni cewa ba a kusantar kunkuru ko kififiya da shi, ko allura ko na sha ko na fesawa. Kawu bai taɓa jin haka ba, kuma ba laifinsa ba ne, domin a jikin kwalbar hoton saniya da tunkiya ake sawa. Cewa maganin da ya yi wa rago zai yi wa kowace dabba, jita-jita ce mai kashewa.

Washegari muka sa shi a babban daro, muka shimfiɗa tsumma, muka rufe da tsohon gidan sauro, muka hau A Daidaita Sahu neman likitan dabbobi. A nan sai an yi haƙuri da tambaya, domin yawancin likitocin dabbobinmu da shanu da tumaki da kaji suka saba, haka aikin ƙasar yake. Ba rashin ladabi ba ne ka ce, "Likita, don Allah ka taɓa duba kunkuru?" In bai taɓa ba, zai iya nuna maka wanda ya taɓa. Ana iya neman shawara a Gidan Zoo na Audu Bako, ko a asibitin koyarwa na likitancin dabbobi da ke Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Wanda muka samu ya fara da yi masa allurar rage zafi, sannan ya sa hantsaki ya tsince tsutsotsin ɗaya bayan ɗaya. Ya kankare duk ɓawon da ya mutu da ƙashin da ya yi laushi, har sai da ya kai inda jini yake tsattsafowa, ya ce nan ne mai rai. Ramin da ya bari ya ninka tsagar farko sau uku, abin da ya sa Gwaggo ta kau da kai. Ya duba ko ciwon ya ratsa zuwa ciki, Allah ya taimaka bai ratsa ba. Ya wanke, ya shafa wani farin man ƙuna, ya rufe da bandeji, ya rubuta allurar kashe ƙwayoyin cuta da za a riƙa yi masa a ƙafar gaba duk bayan kwana uku.

Abin da ya rage aikin gida ne, kuma shi ne mai wuyar. Kullum a buɗe, a wanke da ruwan gishiri irin na ƙarin ruwa, in babu a tafasa ruwa lita ɗaya da gishiri gram 9, kusan ƙaramin cokali ɗaya da rabi, a bari ya huce. A bi da aidin irin su Betadine wanda aka sirka da ruwa har ya koma launin shayin da bai ji ganye ba. A bari ya sha iska, a shafa man, a rufe. Gargaɗi ɗaya likitan ya maimaita mana, kuma ya shafi duk wanda zai ba da taimakon farko: in tsaga ta yi zurfi, ana ganin kumfa ko ana jin iska tana fita in dabbar ta yi numfashi, kada a kwarara ruwa a ciki, kada kuma a kifa shi ta baya. A rufe da tsumma mai tsabta a nufi asibiti. Ƙuda kuwa shi ne babban abokin gaba. Da damina ƙwansa kan ƙyanƙyashe cikin kwana ɗaya, don haka gidan sauron nan bai bar kansa ba har ciwon ya bushe.

Akwai waɗanda suka ce a jefa shi a rijiya ko a kai shi kududdufi, wai ruwa ne asalinsa, a can zai warke. An haɗa dabbobi biyu ne a nan. Kififiya ita ce ta ruwa, jikinta a baje, ƙafafunta na iyo ne. Irin na Gwaggo ɗan tudu ne, ɗan Sahel, ƙafafunsa kamar na giwa, na haƙa rami ne. Bai iya iyo ba, ruwa mai zurfi nutsar da shi zai yi. Laima ma ita ce take haddasa ruɓewar ƙoƙo ko da babu rauni, musamman ta ƙasan ciki, in dabbar tana kwana a kan jiƙaƙƙen siminti ko bakin kwata. Sannan maganar cewa kunkuru ko kififiya suna tsabtace rijiya, akasin haka ne gaskiya. Lafiyayyensu ma yakan ɗauki ƙwayar salmonela a hanjinsa ba tare da ta dame shi ba, ta fito a kashinsa, ta sa mutum gudawa da zazzaɓi. Saboda yawan yaran da suka kamu ne Amurka ta hana sayar da ƙananan kunkuru, waɗanda ba su kai inci 4 ba, tun 1975. Ba cewa nake a kore shi daga gida ba. A wanke hannu da sabulu bayan an taɓa shi, a raba daronsa da na wanke-wanke, kada a bar mai rarrafe yana wasa inda yake kashi.

Amma kada a ɗauki rashin iya iyonsa a ce ba ya shan ruwa, wadda ita ma tsohuwar jita-jita ce. Yana jure ƙishi, shi ya sa aka zaci ba ya ji. Mara lafiya ya fi kowa buƙatarsa. Mukan zaunar da shi a ruwa mai ɗumi wanda bai wuce haɓarsa ba, bai kuma kai ga ciwon ba, na kamar minti 20, sai ka ga ya nutsa baki yana zuƙa a hankali. A nan ne Gwaggo ta ga wani farin abu kamar kindirmo ya fito tare da fitsarinsa, ta ce shi ke nan mugunya ta cika masa ciki. Ba mugunya ba ce, haka fitsarinsu yake. In ya fito da laushi lafiya lau, in ya yi tsakuwa-tsakuwa alamar ƙarancin ruwa ce. Abinci kuma, ragowar tuwo da shinkafa da miya da muka saba zuba masa ba cimarsa ba ce, ko da yana ci. Mai kiwo ne kamar tunkiya. Ciyawa ce gaba, ɗanya da busasshiya, sai ganye irin su rama da zogale da ɗan kabewa. Mai gina sabon ƙashi yana buƙatar sinadarin ƙashi, don haka mukan dafa ɓawon ƙwai, mu daka, mu barbaɗa masa kaɗan. Yana kuma buƙatar hantsi, domin ba tare da hasken rana ba jikinsa ba zai iya sarrafa sinadarin ba. Wanda aka kulle a ɗaki mai duhu ƙoƙonsa laushi yake yi.

Batun rana yana da gefe biyu. Jikin kunkuru ba ya samar da ɗumin kansa, daga waje yake samu, kuma ƙarfin jikinsa na yaƙar cuta da aikin maganin da aka yi masa duk sun dogara ga ɗumin. Wajen digiri 30 ya fi masa daɗi. Da hunturu ya shigo, daren Disamba da Janairu, sai muka riƙa shigar da shi ɗaki, wanda kuma ya raba shi da ɓera da gafiya, masu gwaguyar kunkurun da sanyi ya kashe wa jiki. Amma wanda ya ce a shanya shi a rana ciwon ya bushe bai san ranar Afrilu a Kano ba, wadda take haura digiri 40. A daji rami yake haƙawa mai zurfi ya shige. In aka ɗaure shi inda babu inuwa, ko ya kife ya kasa juyowa, sa'o'i kaɗan sun isa.

Maganar ɗauri ta kawo ni ga abin da ya fi ci mini rai. A bakin ƙoƙon kunkurun Gwaggo ta baya akwai wata tsohuwar huda, wadda aka yi da ƙusa tun kafin ya zo gidan, don a zura igiya. Duk wanda ya san kunkurun gida a ƙasar Hausa ya san irin wannan huda. Ana cewa kamar yanke farce ne. Ba haka ba ne, ƙashi ake hudawa, mai jini da jijiya, babu maganin kashe zafi. Bayan haka igiya ta yi ta gurzar wurin, dabbar tana ja, wata rana bakin ya ɓalle ko ruɓa ta kama daga nan. Wanda yake tsoron kada ya fita, ya kewaye masa wuri da bulo, ya sa tushen ya ɗan nutse a ƙasa saboda haƙa.

Wata baƙuwa kuma ta ja Gwaggo gefe ta ce kada a yi masa magani, wai abin da aka jefo wa gidan ne ya tare, in ya warke zai dawo kan mutane. Na san da yawa don wannan suke ajiye kunkuru, ana cewa tsari ne daga sammu da mugun baki. Ni dai abin da na sani, yara sun ture turmi a gaban mutane, kuma abin da ya biyo baya ƙuda da ƙwayoyin cuta ne suka yi shi. Gwaggo da kanta ta ba ta amsa, ta ce tsari na Allah ne, kuma ta tuna mata hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba. Dabbar da ka raba da dajinta ka kawo gidanka, haƙƙinta yana wuyanka.

Saura masu cewa a ƙyale shi, kunkuru ba ya mutuwa da wuri, shekara ɗari uku yake yi. Gaskiya ne yana da tsawon rai da juriya. Akan ga na daji da tabon wuta ko tsohuwar karaya da ta haɗe da kanta, sai dai waɗanda suka tsira ne muke gani, waɗanda suka mutu a rami babu mai ƙirga su. Shekarun kuma ana ƙara musu gishiri. Da kunkurun fadar Soun na Ogbomoso, wanda ake kira Alagba, ya mutu a Oktoban 2019, an ce shekararsa 344, kuma irin na Gwaggo ne, amma masana sun ce da wuya ƙwarai wannan iri ya kai ko kusa da haka. Wanda aka fi yarda da shekarunsa shi ne Jonathan na tsibirin Saint Helena, wanda aka kai can a 1882 yana babba, aka yi masa bikin cika 190 a 2022, shi kuwa wani iri ne dabam daga tsibiran Seychelles. Namu yakan haura 70 in ya sami kulawa. Ƙirga zoben da ke jikin ɓawo ma ba ya ba da shekaru daidai, domin zoben yana bin ci da girma ne, shekara ɗaya tana iya barin fiye da guda, na tsoho kuma gogewa suke yi.

Kuma irin na Gwaggo ba shi da yawan da muke zato. Shi ne kunkurun tudu mafi girma a nahiyar Afirka, na uku a duniya bayan na Galapagos da na Aldabra, babban namiji yakan haura kilo 50. Mazauninsa ya taso daga Senegal, ya ratsa Mali da Nijar da Cadi har Sudan da Eritiriya, amma kamu don sayarwa da cunkoson dabbobin kiwo a makiyayarsa sun rage shi, har ƙungiyar IUCN ta sa shi cikin masu fuskantar barazanar ƙarewa. Tun shekarar 2000 yarjejeniyar CITES ta hana fitar da wanda aka kamo daga daji zuwa wata ƙasa don kasuwanci. Duk wanda ya mutu a tsakar gida aka je aka sayo madadinsa, daga wancan ragowar ake cirowa.

Warin ya ɗauke cikin mako biyu. Bandeji ya kai wata uku. Bayan nan wurin ya bushe ya yi fari kamar ƙashin da ya daɗe a rana, muka zaci iyakar warkewar ke nan. Likita ya ce a bar shi, kada a ɓanɓare, ƙashi yana ginuwa a ƙasa, kuma irin wannan yakan ci shekara ɗaya zuwa biyu. Sai da wata damina ta zagayo, wata safiya Gwaggo tana shara ta tsinci wani ɗan ɓallin ƙashi kamar tsohon kwabo a bayan randa. Ta aika aka kira ni. A inda ya faɗo akwai sabon ɓawo, mai duhu, mai gurzi-gurzi, babu zanen gida-gida irin na sauran, kuma ya ɗan lotsa. Na danna da babban yatsa na ji tauri. Ta miƙo masa ganyen rama, ya miƙo wuya ya karɓa, ta ce da jikokinta su matsar da turmin can jikin bango.